Kirsimeti: Inda Aka Samo Ranar da Inda Aka Kwaso Kayan Bikin

Duk wanda ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ya bi shi shafi-shafi yana neman inda aka rubuta cewa ran 25 ga Disamba aka haifi Yesu Almasihu, zai kai bangon ƙarshe bai gani ba. Ba rana, ba wata, ko shekarar ma ba a faɗa ba. Malaman coci sun san da haka, ba su kuma ɓoye shi. Cikin littattafan Bishara huɗu, biyu ne kaɗai suka kawo labarin haihuwar, wato na Matiyu da na Luka. Markus da Yohanna sun ɗauko nasu ne daga lokacin da Yesu ya riga ya zama babban mutum.

Luka ne ya ba da labarin ƙidayar da Kaisar Augustus ya sa a yi, wadda ta tayar da Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, garin kakansa Dawuda. Suka tarar masauki ya cika, ta haihu, ta kwantar da jaririn a komin dabbobi, mala'ika kuma ya kai albishir ga makiyaya da ke kwana a saura suna tsaron garkensu. Matiyu bai ambaci komi ko makiyaya ba. Shi nasa labarin na masana taurari ne da suka taso daga gabas suna bin wani tauraro, suka kawo gaisuwar zinariya da lubban da mur, sai kishin Sarki Hirudus da gudun hijira zuwa Masar. Hoton nan da ake gani a jikin kati, makiyaya a gefe ɗaya, sarakuna uku a kan raƙuma a ɗaya gefen, labari biyu ne aka haɗa wuri guda. Matiyu bai ce su uku ne ba, bai kuma kira su sarakuna ba. Daga yawan kyaututtukan aka yi hasashen yawan mutanen. Mai karatu Musulmi ya san nasa labarin haihuwar Annabi Isa (AS) a Suratu Maryam, inda naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino. Nan ma ba a faɗi rana ba.

Ita ma shekarar da saura. Wani malamin coci mai suna Diyonisiyus ne ya ƙirƙiro ƙidayar Miladiyya a birnin Rum a shekarar 525, da niyyar ta fara daga haihuwar Yesu. Amma yawancin masana tarihi sun tsaya a kan cewa Hirudus ya mutu shekara 4 kafin wannan mafari, shi kuwa Matiyu ya ce da ransa aka yi haihuwar. Ke nan lissafin ya goce da 'yan shekaru.

To ina aka samo 25 ga Disamba?

Kiristocin farko sun shafe kusan shekara 300 ba su da wannan biki. Babbar ranarsu ita ce Ista, ta tunawa da mutuwa da tashin Yesu, kuma ko waliyyansu da ranar mutuwarsu ake tuna su. Bikin ranar haihuwa a wurinsu al'adar masu bautar gumaka ce. Wani babban malami na ƙarni na 3, Orijin, har ya lura cewa a cikin Littafi Mai Tsarki mutum biyu aka nuna suna shagalin ranar haihuwarsu, Fir'auna da wani Hirudus, kuma kowannensu sai da ya sa aka kashe mutum a ranar. Wajen shekarar 200 Kilemen na Iskandariyya ya rubuta cewa wasu a Masar suna ƙoƙarin lissafo ranar, wasu su ce Afrilu, wasu Mayu. Disamba ba ta cikin jerin da ya kawo.

Shaidar farko da ta tabbata daga Rum ta fito. Akwai wani kundin kalanda da aka rubuta wa wani attajirin Kirista a 354, a ciki an sa haihuwar Almasihu a Baitalami ran 25 ga Disamba, kuma masana sun gano cewa an tsara wannan sashe tun 336. Lokacin Sarki Kustantin ya riga ya halatta addinin Kirista tun 313, coci ta fito daga ɓoye, ta fara shirya kalandarta a fili.

Bayani biyu ne ake kawowa kan dalilin zaɓen ranar. Na farko shi ne wanda ya fi yawo a bakin mutane. A kalandar Rumawa, 25 ga Disamba ce ranar da dare ke kai maƙurar tsawonsa, daga nan yini ya fara ƙaruwa. A 274 Sarki Aureliyan ya gina wa gunkin rana babban haikali a Rum, kuma ana bikin haihuwar wannan gunki a wannan rana. Kafin ita kuma akwai Saturnaliya, daga 17 zuwa 23 ga wata, mako guda na ci da sha da caca, ana rabon kyandir da 'yan tsana na yumɓu, har iyayengiji su zauna su yi wa bayinsu hidimar abinci. Masu wannan ra'ayi suka ce coci ta ga ba za ta iya raba mutane da shagalinsu ba, sai ta ɗora nata bikin a kai.

Na biyu lissafi ne. Tun wajen shekarar 200 wasu malamai a yammacin daular suka tsayar da cewa ran 25 ga Maris aka gicciye Yesu. Aka kuma sami fahimtar cewa ranar da aka ɗauki cikinsa ita ce ranar da ya bar duniya. Ƙara wata tara a kan 25 ga Maris, ka sauka a 25 ga Disamba. A gabashin daular, inda lissafinsu ya ba su 6 ga Afrilu, wata tara ya kai su 6 ga Janairu, kuma ita ce ranar da suka riƙe tun farko. Wannan dacewar tana da wuyar turewa. Ga wani abin lura kuma: rubutun farko da ya sa bikin gunkin rana a 25 ga Disamba shi ne wannan kundi na 354, wanda ya ambaci Kirsimeti. Saboda haka mai cewa kai tsaye Kirsimeti bikin maguzawan Rum ne aka sauya wa suna, ya yi saurin yanke hukunci a kan abin da masana ke ja-in-ja har gobe. Kayan shagalin kuwa zancensu daban ne. Wasunsu kam sun girmi bikin.

Sai mutum ya san sanyin Turai zai gane dalili. A Kano, ko a ranar da yini ya fi gajarta ana samun sama da awa 11 na haske. A Landan ba ya kai awa 8, a Sitokhom wajen 6 ne. Gona ta daskare, ba aiki. Abincin dabbobi ba zai kai bazara ba, don haka a yanka waɗanda za a yanka, nama ya wadata sau ɗaya a shekara. Giyar da aka dafa da kaka ta nuna. Kamar dai yadda a ƙasar Hausa sai amfanin gona ya shiga rumbu ake sa ranar aure, a buga dambe da kokawa, haka mutanen arewacin Turai suke da bikinsu na tsakiyar hunturu tun kafin Kiristanci ya isa gare su. Suna hura wuta, su shigo da koren ganye cikin gida a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Da suka karɓi sabon addini, ba su yar da waɗannan al'adu ba.

Daga Rum ranar ta bazu gabas a hankali. Ta isa Kustantiniyya wajen 380, Antakiya wajen 386, inda Yohanna mai laƙabin Bakin Zinariya ya yi wa'azi yana lallashin jama'a su karɓe ta, Iskandariyya kuwa sai wajen 432. Armeniyawa ba su taɓa karɓa ba, har yau 6 ga Janairu suke yi. Daga baya aka sake samun wata rabuwar, wannan karon ta kalanda. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya gyara tsohuwar kalandar Yuliyus Kaisar, wadda ta riƙa zamewa daga tafiyar rana. Wasu coci-cocin gabas ba su bi gyaran ba, kuma yanzu tazarar ta kai kwana 13. Shi ya sa Rasha da Sabiya suke Kirsimeti ran 7 ga Janairu: a tasu kalandar cocin, ranar ce 25 ga Disamba. Yukren ta koma 25 ga Disamba a hukumance a 2023, kuma ba sai an faɗa ba, yaƙinta da Rasha na cikin dalilan.

A nan Afirka, Ƙibɗawan Masar da Kiristocin Habasha su ma 7 ga Janairu suke yi, bayan azumin kwana 43 da ba a cin nama, ba madara, ba ƙwai. A Habasha dubban masu ziyara sanye da fararen mayafai suke kwana a tsaye suna addu'a a Lalibela, garin da aka sassaƙa coci-coci daga cikin dutse, da rana kuma samari su buga wani wasan sanda da ƙwallon itace. Babu bishiya mai fitilu a wannan al'ada, babu tsoho mai jar riga, ga shi kuwa Kiristancin Habasha ya kafu tun ƙarni na 4, kafin Ingila da Jamus su san shi sosai. A Baitalami kanta sau uku ake bikin a Cocin Haihuwa, wadda aka fara ginawa zamanin Kustantin, Sarki Justiniyan ya sake gina ta a ƙarni na 6: Katolika a Disamba, Otodoks 7 ga Janairu, Armeniyawan Ƙudus kuma 19 ga Janairu. Ƙofar shigarta gajera ce ƙwarai, kowa sai ya sunkuya, a ƙasa kuma akwai kogo da aka kafa tauraron azurfa a daɓensa, wurin da aka yi imani nan ne aka yi haihuwar.

A Turai ta tsakiyar zamani bikin ya yi ta kumbura. Taron bishop-bishop na Tur a 567 ya tsarkake kwana 12 daga Kirsimeti zuwa 6 ga Janairu. A 1223 Faransis na Asisi ya shirya komi na gaske a wani kogo a ƙauyen Girecco na Italiya, ya zuba ciyawa, ya kawo sa da jaki masu rai, don talakawan da ba su iya karatu ba su gani da idonsu. Daga nan al'adar kwaikwayon haihuwar ta samo ƙarfi, wadda yaran makarantar Lahadi suke yi har yau da zannuwan iyayensu mata a kafaɗa. Amma a kan titi abin ya fi kama da tashe mai haɗe da maye: matasa su bi gidajen masu hali suna waƙa, ba su tafiya sai an ba su abin sha.

Wannan ne ya sa wasu Kiristoci da kansu suka yaƙi bikin. Masu ra'ayin tsarkake addini a Ingila suka ce ba ya cikin Littafi, kuma ya zama dandalin shaye-shaye. A 1647 majalisar dokoki ta soke shi, aka umarci a buɗe kantuna, har tarzoma ta ɓarke a Kantabari. Sai da sarauta ta dawo a 1660 aka ɗage haramcin. A Masacuset ta Amurka, daga 1659 zuwa 1681, wanda aka kama yana bikin tarar sule biyar ce a kansa. Amurka ba ta mai da ranar hutun ƙasa ba sai 1870, Sikotilan kuwa sai 1958. Har yau akwai masu wannan matsayi, irin su Shaidun Jehobah.

Kirsimetin da duniya ta sani yanzu, na iyali da yara da kyauta a naɗe, ɗan ƙarni na 19 ne. Bishiyar daga ƙasashen Jamusawa ta fito. Wani rubutu na 1605 ya bayyana yadda mutanen Sitirasbog suke kafa ta a falo su rataya mata tuffa da furen takarda da kayan zaƙi. Ta daɗe a matsayin al'adar yanki, sai a 1848 wata jaridar Landan mai hotuna ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat, wanda Bajamushe ne, da 'ya'yansu kewaye da bishiyar. Abin da gidan sarauta ya yi, kowa ya kwaikwaya. Kyandir ake liƙa mata a da, gobara kuwa ba ta da wuya, har 1882 da wani abokin aikin Edison, Edward Johnson, ya naɗa wa tasa ƙwayayen lantarki a New York. Katin gaisuwa na farko Henry Cole ne ya sa aka buga a Landan a 1843, guda 1,000, sule ɗaya kowanne. A wannan shekarar Charles Dickens ya fitar da ɗan littafinsa A Christmas Carol, labarin wani marowaci da fatalwa suka tsorata har ya koyi kyauta, wanda ya taimaka wajen mai da hankalin bikin kan gida da ciyar da mabukata. Waƙar nan mai sanyi ta daren haihuwa da aka fassara zuwa ɗaruruwan harsuna, a 1818 aka fara rera ta da jita a ƙauyen Obandof na Ostiriya. Wani matashin limamin coci, Joseph Mohr, ya rubuta, malamin makaranta Franz Gruber ya sa mata murya.

Baba Kirsimeti kuwa asalinsa mutum ne na gaske, kuma bai fito daga ƙasar ƙanƙara ba. Nikolas bishop ne na garin Mira, a gaɓar tekun kudancin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4. Ana ba da labarin wani uba da talauci ya hana shi yi wa 'ya'yansa mata uku kayan aure, har ana tsoron su faɗa karuwanci. Nikolas ya riƙa zuwa da dare yana jefa ƙunshin zinariya ta taga don kada a san shi ne. Saboda haka aka saba ba yara kyauta a ranarsa, 6 ga Disamba, kuma a Holan har yau a daren 5 ga wata ake rabon. Bayan Furotesta sun rage girmama waliyyai, a wurare da dama aka mai da kyautar zuwa daren Kirsimeti. Sauran siffarsa a Amurka aka ƙera ta. Wata waƙa da aka buga a wata jaridar jihar New York a 1823 ta ba shi keken kan ƙanƙara da barewa takwas da shiga gida ta bututun hayaƙi. Mai zane Thomas Nast ya ba shi tumbi da gemu tun daga 1863. Ana yawan cewa Coca-Cola ce ta sa masa jar riga. Ba haka ba ne, ya riga ya sa ta. Abin da tallan kamfanin ya yi daga 1931 shi ne kai wannan hoto kowane lungu na duniya, har ya zamana a Kaduna za ka ga bawan Allah cikin rigar ulu da gemun auduga yana zufa da tsakar rana. Ita ma bishiyar roba da ke bayansa, da wuya ba daga garin Yiwu na Sin aka yo odarta ba.

Kowace ƙasa da abin da ta zuba a ciki. A Ostireliya tsakiyar zafi ne, bakin teku ake tafiya. A Filifin tun 16 ga Disamba ake sallar asuba ta coci kwana tara a jere. A Japan, inda Kiristoci ba su fi kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, wani tallan KFC na 1974 ya mai da soyayyar kaza abincin ranar.

A Najeriya an fi ambaton Badagiri a 1842, inda Thomas Birch Freeman da Henry Townsend suka yi sujadar Kirsimeti a gindin wata bishiya, ko da yake limaman Fotugal sun riga su zuwa Binin da Wari da ɗaruruwan shekaru. A Arewa sai daga ƙarshen ƙarni na 19: 'yan mishan na SIM sun iso Najeriya a 1893, na SUM suka sauka Wase a 1904, Dokta Walter Miller ya zauna a Zariya kafin mishan ɗinsu ya koma Wusasa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wannan ne ya sa daga Filato zuwa kudancin Kaduna, Tangale, Numan, kudancin Barno da Zuru, ƙabilu masu harsuna barkatai da Hausa suke waƙar Kirsimeti a cocin ECWA da COCIN da EYN da LCCN da HEKAN. A Nijar ma, inda Kiristoci 'yan tsiraru ne, ranar hutu ce ta gwamnati.

Wanda yake son ganin bikin a nan, ya duba Zumuntar Mata ta coci ran 25 da safe. Anko ɗaya, ɗaurin ɗankwali ɗaya, sun shigo a jere suna taku. Ɗaya na rungume da tulu tana dukan bakinsa da matashin soso yana ba da amo mai zurfi, wata na kaɗa kuge, wasu na girgiza caki, mai ba da waƙa ta ɗaga, saura su amsa. Kafin wannan safiya an yi wata guda ana shiri. An kwashi adashi, an kai wa tela ɗinki tun Nuwamba, kuma duk da haka akwai wanda zai kwana a shagonsa ran 24 yana jiran wando. Maza sun haɗa kuɗi sun sayi sa sun yi watanda, an kasa nama tsibi-tsibi a kan buhu. An soya cincin an cika bokiti. A unguwannin da ake zaune a cakuɗe, gidaje da yawa Musulmi suke kira ya yanka musu kaza ko akuya, don idan an zuba shinkafa da miya a kula an aika maƙwabta, kowa ya ci hankali kwance, kamar yadda naman layya zai biyo ta wannan hanya idan lokacinsa ya zo. Malaman Musulunci sun sha bamban kan taya murna da cin abincin ranar, wasu sun hana, wasu sun halatta, kuma kowace shekara sai an sake muhawarar a rediyo da Facebook. Inda rikici ya raba unguwanni, kamar sassan Kaduna da Jos, kular ba ta ƙetarawa kamar da. Yara dai ba ruwansu: sabon kaya, tabarau na roba, a bi gida-gida ana barka da Kirsimeti ana karɓar 'yan canji, a ƙare da su wajen mai nokawut.

Ko wanda ba ya bikin, kasuwarsa ta san da shi. Tireloli na lodin shanu daga Potiskum da Mubi da Maigatari zuwa kudu, farashin tumatir da attarugu da kaji ya ɗaga, masu kiwon kajin gidan gona tun Oktoba suke zuba 'yan tsaki da lissafin wannan mako. A Sabon Garin Kano shaguna da yawa sukan rufe, manyan motocin safa su cika maƙil da masu tafiya gida Gabas, kuɗin mota ya tashi, jami'an kiyaye haɗurra su bazu a kan hanya saboda watan ya yi ƙaurin suna. Ran 26 ma hutu ne. Daren 31 a coci ake raba shi da addu'ar shiga sabuwar shekara, washegari kuma jama'a su nufi Kagoro kallon bikin Afan a fadar sarki, bikin ƙarshen girbi da buɗe farauta wanda ya girmi zuwan mishan. Zuwa mako na biyu na Janairu motocin sun fara dawowa da 'yan kasuwa, makarantu sun koma, ana neman kuɗin zango na biyu.